Kafin ka sayi sabuwar kyamara, duba katin da ke cikinta

Ga shirin wannan makon a rubuce, domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da masu son su karanta a nitse.

Yau da masu ɗaukar hoton biki nake, da matasan da suke tara kuɗi za su shiga sana'ar. Tambayar da aka fi turo min ita ce, wace kyamara zan saya, Canon ko Nikon ko Sony? Zan taɓa wannan. Amma in faɗa muku tun yanzu, mafi yawan hirar a kan wani ɗan abu za ta ƙare wanda bai fi faɗin yatsu biyu ba, wato katin memori. Yana cikin mafi arha a jakar mai hoto, kuma ranar da ya tashi cin amanarka ba ka da inda za ka sa kanka.

Dalili kuwa, biki ba a maimaita shi. In hoton takalma kake yi wa mai shago, abu ya lalace, sai ka ba da haƙuri a sake gobe. Ɗaurin aure fa? Ana idar da sallar Juma'a, wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, a faɗi sadaki, a shafa fatiha, cikin 'yan mintoci an gama, kowa ya fara neman takalminsa. Ranar kamu haka, daren kai amarya haka, lokacin da mahaifinta yake mata nasiha tana kuka cikin mayafi. Ga kaka da aka ɗauko daga ƙauye, ga 'yan uwa da suka taso daga Maraɗi ko Kumasi, waɗanda Allah kaɗai ya san ranar da za su sake haɗuwa a tsakar gida ɗaya. Ba mai sake tara maka su don katinka ya ƙi buɗewa. Kuma kun san yadda irin wannan labari yake gudu a guruf ɗin ƙawayen amarya. Kafin sati ya zagayo, gari ya ɗauka.

To mu fara da kyamarar. Ku rage damuwa da yawan megafiksel. 20 zuwa 24 ya ishe ka albam da babban hoton da za a rataye a falo. Canon R6 da ta fito a 2020 megafiksel 20 gare ta, kuma masu hoton biki a ƙasashe da dama sun yi aiki da ita ba ƙorafi. Balle ma yawancin hotunanmu a WhatsApp da Instagram suke ƙarewa, su kuma matse su suke yi. Ni abu uku nake dubawa: yadda kyamara take a wuri mai ƙarancin haske, irin zauren dina mai fitilu kala-kala ko uwar ɗakin amarya, yadda take kama fuska da sauri in mutane suna motsi, sai kuma ramin kati nawa gare ta. Na ukun nan shi ne wanda ba na sassauci a kansa.

A 2018 an yi wata hayaniya da ta dace ku sani. A shekarar Nikon ta fitar da Z6 da Z7, Canon ta fitar da EOS R, sababbin kyamarorinsu marasa madubi a ciki, kuma kowacce ramin kati ɗaya tal gare ta. Alhali a farkon shekarar Sony ta riga ta kawo A7 III mai rami biyu. Masu hoton biki suka yi ca a kan kamfanonin biyu, wasu suka ce ko kyauta aka ba su ba za su je wa amarya da kyamara mai kati ɗaya ba. Zuwa 2020 sai ga Canon da R5 da R6, Nikon da Z5 da Z6 II da Z7 II, duk rami bibbiyu.

Mai ƙaramin jari da zai sayi ta hannu, akwai zaɓi. Nikon D750 ta 2014 tana cin katin SD biyu, kuma har yau ba ta jin kunyar haske kaɗan. D7200 ma biyu ne, amma D7500 da ta zo bayanta ɗaya ne, saboda haka sabunta ba hujja ba ce. A ɓangaren Canon, 5D Mark III ta 2012 da 5D Mark IV ta 2016 suna da ramin CF da na SD. Sai dai ramin SD na Mark III yana da nawa, in kana rubutawa a katunan biyu kuma kana ɗauka a jere da sauri, za ka ga tana ɗan jan ƙafa. 6D da 6D Mark II da RP da R8 duk kati ɗaya ne. Hotonsu yana da kyau ƙwarai, ba na musu, amma ka san abin da ka saya.

Ga wani wuri da mutane da yawa suke zamewa. Samun rami biyu bai isa ba, sai ka shiga saitin kyamarar ka gaya mata abin da za ta yi da su. Akwai saitin da in kati na farko ya cika take tsallakawa na biyu. Wannan ƙarin wuri ne kawai, bai kare ka daga komai ba. Akwai wanda kowane hoto take rubuta shi a katunan biyu lokaci guda, shi ne kariya. Akwai kuma wanda take zuba RAW, wato ɗanyen hoton da ake gyarawa, a ɗaya, JPEG a ɗayan. Shi ma ba laifi, in RAW ya tafi kana da abin da za ka miƙa wa ango. Masu bidiyo ku duba da kyau, domin wasu kyamarorin hoto kaɗai suke rubutawa sau biyu, bidiyo kati ɗaya yake shiga. A7 III tana iya yi wa bidiyon ma.

Kuma rami biyu ba ya hana kyamarar kanta mutuwa a tsakiyar taro, ko wani yaro ya bangaje ka ta faɗi. In da hali ka riƙe ta biyu, ko tsohuwa ce, ko ta aro ce.

Lens, wato gilashin gaban kyamara, ba zan daɗe a kansa ba. 24-70 mai f/2.8 shi ne jakin sana'ar, daga hoton dangi zuwa na ango da amarya duk yana ɗauka. In kuɗinsa ya fi ƙarfinka, 50 mai f/1.8 yana da araha kuma yana shan haske, in ka haɗa shi da 35 ko 85 ka wuce wurin. 70-200 yana da amfani a wurin ɗaurin aure, inda ba za ka iya kutsawa gaban manya ba. Ka guji yawan cire lens a waje lokacin hunturu, ƙurar nan ba ta da tausayi. Filash kuwa, irin su Godox V860 ko V1 sun wadatar, ka koyi harba hasken a silin ya dawo a hankali maimakon ka watsa wa amarya a fuska kwalliyarta ta yi fari fat. Batir ka riƙe fiye da yadda kake zaton za ka buƙata, zan dawo kansa don yana da alaƙa da kati.

Yanzu mu zo kan katin. Shi katin SD, kamfanonin SanDisk da Panasonic da Toshiba ne suka haɗu suka fito da shi a 1999. A cikinsa akwai ma'ajiyar da hotuna suke zama, akwai kuma wata 'yar ƙwaƙwalwa da take rarraba inda komai zai zauna. Sannan akwai jadawali, kamar rajistar mai unguwa, da yake cewa hoto kaza yana wuri kaza. Yawancin lokacin da aka ce kati ya lalace, jadawalin nan ne ya rikice, hotunan suna nan ba su je ko'ina ba. Wani lokacin jikin katin ne ya tsage ko haƙoransa suka karye. Mafi muni shi ne 'yar ƙwaƙwalwar ta mutu, a nan kwamfuta ko ganin katin ba za ta yi ba.

Amma a kasuwanninmu babbar matsalar da ta riga duk waɗannan ita ce jabu. Ku saurari yadda ake yinsa, don wayon yana da ban tsoro. Za a ɗauki kati mai giga 8 na gaskiya, a sake rubuta 'yar ƙwaƙwalwar ta riƙa cewa ita giga 128 ce, a manna takardar babban kamfani, a saka a kwali mai sheƙi. Ka sa a kyamara, ta nuna maka wuri fal. Ka ɗauki hoto goma a shagon don gwaji, duk su buɗe lafiya. Ranar biki kana ta aiki, da zarar ka wuce giga 8 ɗin gaskiya, sababbin hotuna ko su hau kan tsofaffi su murƙushe su, ko su tafi inda babu komai. Ka dawo gida ka ga sunayen hotuna a jere reras, ka danna, ba abin da yake buɗewa. Kuma irin wannan asarar babu manhajar da take dawo da ita, domin abin da ba a taɓa ajiyewa ba ba a tono shi.

Maganinsa gwaji, kuma kyauta ne. Akwai wata ƙaramar manhaja mai suna H2testw ta kwamfutar Windows, masu Mac da Linux kuma akwai F3. Abin da take yi shi ne ta cika katin maƙil da bayanai, sannan ta karanto su ɗaya bayan ɗaya ta ga ko sun dawo daidai. Yana cin lokaci, babban kati zai iya kai ka awa ɗaya ko fiye, to ka kunna ka je ka ci abinci. Duk katin da bai bi ta wannan gwajin ba, ni dai ba ya zuwa biki a jakata, ko daga wane shago ya fito. In kuma ka ga farashi ya yi ƙasa da hankali, ka tuna araha ba ta ado. Ƙaramin katin waya da ake cusawa a cikin gidan roba a sa a kyamara, shi ma ku bar shi. Yana aiki, amma ka ƙara wurin da haɗi zai iya kwancewa ba gaira ba dalili.

Sai rubuce-rubucen da ke jikin kati, waɗanda suke rikita mutane. Babbar lambar nan da ake bugawa ɓaro-ɓaro, 170 ko 200 MB a daƙiƙa, galibi saurin karantawa ce, wato lokacin da kake kwashewa zuwa kwamfuta. Kyamara kuwa rubutawa take yi. Lambar da ta shafe ka ita ce mai harafin V: V30 na nufin katin ba zai sauka ƙasa da MB 30 a daƙiƙa ba wajen rubutu, V60 da V90 haka lissafin yake. U3 daidai yake da 30, Class 10 kuma 10 ne kacal. Ga lissafi mai sauƙi ga masu bidiyo: kyamara tana faɗin nauyin bidiyonta da megabit, kati kuma da megabait, sai ka raba da 8. Bidiyon 4K mai megabit 100 yana buƙatar MB 12.5 a daƙiƙa, V30 ya ɗauke shi cikin ruwan sanyi, kuma zai ci maka kusan giga 45 a awa ɗaya. Mai megabit 400 kuwa MB 50 yake nema, sai V60. In ka juya kati ka ga layin haƙora biyu, UHS-II ne, ya fi sauri, amma in kyamararka ba ta san shi ba, da saurin tsohon layi zai yi aiki, ka biya kuɗin da ba ka mora ba sai wajen kwashewa.

Akwai tsohuwar gardama tsakanin masu hoto: ƙananan katuna da yawa, ko babba guda? Hoton RAW na kyamara mai megafiksel 24 yakan kai MB 25 zuwa 30, kenan kati mai giga 64 zai ɗauki wajen hoto 2,000. Ra'ayina ya danganta da kyamararka. In rami biyu gare ka, sa manya waɗanda za su kai ka ƙarshen taro ba ka buɗe murfi ba. Canza kati a tsakiyar filin rawa, ana liƙi ana turereniya, hanya ce ta yar da shi, kuma katin da ya faɗi a irin wannan wuri sai dai wani ikon Allah. In kuwa rami ɗaya ne, raba ƙafa: katin kamu daban, na ɗaurin aure daban, na dina daban. In ɗaya ya ba da matsala, ba duka bikin ne ya tafi ba. Wanda ya cika ka juya shi rub da ciki a 'yar jakar katuna, ka ja ɗan makullin gefensa. Shi makullin nan roba ce kawai, ba a haɗe yake da komai a cikin katin ba, na'urar da ka sa katin ce take ganinsa ta ƙi rubutawa. Duk da haka yana hana ka kuskuren hannu.

Halayen da suke kashe kati sanannu ne. Cire shi alhali jar fitilar kyamara tana ƙiftawa, ma'ana tana kan rubutu. Barin batir ya mutu a tsakiyar ɗauka, musamman bidiyo, shi ya sa na ce zan dawo kan batir: in ya nuna saura layi ɗaya, canza, kar ka ce bari in ƙarasa wannan waƙar. Ɗaukar kati daga wannan kyamara a sa a waccan ba tare da fomat ba. Fomat ɗin ma a cikin kyamarar da za ta yi aiki da shi ake yi, kafin kowane biki, bayan ka tabbatar tsofaffin hotuna sun samu masauki. Sai kuma ƙawayen amarya masu “don Allah mu gani, wayyo goge wannan ban yi kyau ba”. Yi murmushi ka ce za ka cire a gida. Goge hoto ɗaya da goge duka maƙwabtan juna ne a cikin kyamara, kuma cikin hayaniya yatsa ba shi da tabbas. Kada kuma ka yarda wani ya karɓi katin ya cusa a wayarsa ko a kwamfutar shagon buga takardu. Kun san bairos ɗin nan da yake ɓoye fayiloli ya bar maka gajerun hanyoyi marasa amfani, a irin waɗannan wuraren yake kwana.

Kati yana tsufa. Kowane rubutu da gogewa yana cin wani abu daga ƙarfinsa, kuma ba shi da mita irin ta mota da za ka duba. Ni nakan rubuta watan da na saya a jikinsa. Wanda ya taɓa nuna min matsala sau ɗaya kuwa ya yi ritaya daga biki, ko da ya dawo yana aiki lafiya lau. Kada sunan kamfani ya sa ka saki jiki. A 2020 Sony da kanta ta sanar cewa wasu katunanta na SF-M da SF-G, har da masu tambarin Tough, suna iya lalata bidiyo, ta ce a kawo ta canza. Na asali ne, masu tsada ne, amma abin ya faru.

To in ta faru fa, kyamara ta rubuto cewa ba ta iya karanta kati? Abu na farko, tsaya. Cire shi, ja makulli, sa wani ka ci gaba da aiki, fuskarka a sake kamar ba komai. A gida in kwamfuta ta ce sai an yi fomat kafin ta buɗe, ka ce a'a. Gogewa da fomat na yau da kullum galibi jadawalin nan kawai suke sharewa, hotunan suna kwance har sai an rubuta wani abu a kansu. Shi ya sa duk hoton da ka ƙara ɗauka a kan katin yana iya binne na ɗaurin aure. PhotoRec kyauta ce kuma tana da ƙarfi, akwai Recuva, akwai RescuePRO. Abin da aka tono a zuba shi a wani wuri daban, ba a kan katin ba. Amma zurfafan fomat, irin wanda Canon take ba ka zaɓi ka yi wa alama, shi yana share komai ne gaba ɗaya. In kuma kwamfuta ba ta ma san an sa kati ba, manhaja ba ta da abin yi, sai ƙwararrun da suke buɗe kati su karanta cikinsa, kuma kuɗinsu yana iya cinye abin da aka biya ka.

Bayan taro, kati biyun nan kar su kwana wuri ɗaya. Ɗaya a aljihunka, ɗaya a jaka. Jaka ana mantawa da ita a A-daidaita-sahu, ana kuma fizge ta, kuma ɓarawo bai san rami biyu ba. A daren nan ka kwashe, komai gajiya, a laftop mai caji don kar wuta ta ɗauke a tsakiya. Kwafa za ka yi, ba yankewa ba, sannan ka duba adadin fayiloli ya yi daidai, ka buɗe wasu daga farko da tsakiya da ƙarshe. Akwai ƙa'idar 3-2-1 da wani mai hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yaɗa: kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya a wani wuri daban. A wurinmu hakan na iya zama laftop, da faifan ajiya na waje, da wani faifan a gidan yayanka. Ɗora RAW a intanet da tsadar data ba kowa zai iya ba, amma JPEG ɗin da ka tace za su hau.

Wani abu kuma da ya shafe mu musamman. Tunda hoton da aka goge yana tonuwa, katin da ka yi kamu ko sa lalle da shi ba abin ba da aro ba ne, ba kuma abin haɗawa da kyamara a sayar ba ne. A ciki akwai matan mutane a cikin gida, wasu ba mayafi, sun saki jiki ne don sun yarda da kai. In dole sai katin ya bar hannunka, yi masa zurfafan fomat, ko ka bar H2testw ta cika shi maƙil ta hau kan komai. In ya mutu, karya shi kafin ka yar.

Amare da angwaye da ke sauraro, ku ma kuna da haƙƙin tambaya kafin ku ba da kuɗin kafin alƙalami: kyamararka kati nawa take rubutawa, kuma wata nawa kake ajiye hotunanmu bayan ka ba mu? Wanda ya san aikinsa zai amsa nan take.

A shiri na gaba za mu shiga maganar haske, yadda ake ɗaukar farar shadda a ranar ƙarfe biyu ba tare da aikin wuyan rigar ya ɓace ba. Ku turo tambayoyinku. Sai mun haɗu, in sha Allah.